Maraƙin Alkawarin Fidelina

A kantin Radames Fidelina ta ji labarin, ranar Litinin da hantsi, tana tsaye da kwalbar man girki a hannu. Saura kwana takwas Amurkawa su zaɓi shugabansu, amma a ƙauyen Mata Larga sai ka rantse a nan za a kafa akwatin. Kowane gida da nasa a birnin Nueva York na Amurka, don haka kowa ya zama masani. Wasu na bayan jam'iyyar Ja, wasu na bayan ta Shuɗi, har mai facin taya yana da ra'ayi.

Ercilia, matar Radames, ita ke auna mata man. Ita da mijinta ne suka tsaya wa 'yar Fidelina ranar baftisma, shi ya sa matan ke kiran juna comadre, mazan kuma compadre, kuma ba a ɗaga murya tsakanin gidajen biyu.

"Comadre, ya ɗan maraƙinmu?" in ji Ercilia tana dariya. "Ki riƙa ƙara masa dusa fa, kar ya zo mana haƙarƙari a waje."

"Wane maraƙi?"

"Lucero mana."

"Lucero ai na Almasihu ne, comadre. Kowa ya sani."

Ercilia ta tsaya da mazurari a hannu, mai na ɗiga a kan teburi. "Au, bai faɗa miki ba? Wayyo ni da bakina!"

Ba ta so faɗa ba, amma ta faɗa, har da ƙari. Jiya Lahadi a dandalin faɗan zakaru, bayan an sha giyar rake an ɗumama, gardamar zaɓe ta kaure. Radames ya ce Ja ne zai ci, ya sa sabon babur ɗinsa. Nicanor, mijin Fidelina, ya miƙe ya ɗaga yatsa ya ce Shuɗi, ya sa maraƙi. A dandalin nan ba takarda, ba sa hannu. Ka ɗaga yatsa ka ce ka yarda, an gama. Maganar mai zakara ake ce mata, kuma wanda ya janye ta ba ya sake zama cikin maza.

Fidelina ta bar kwalbar a nan ta fita.

Watan Janairun da ya wuce ne 'yarta Yuleisi ta shiga kwale-kwale da mutum talatin, suka nufi Puerto Rico ba takarda. Kwana biyar babu labari. Fidelina ta durƙusa a ɗakinta ta ce wa Almasihu na babban cocin garin Bayaguana, in yarinyar nan ta taka ƙasa da ranta, abin da ke cikin saniyata naka ne. Washegari waya ta yi ƙara. Bayan wata guda saniyar ta haifi namiji baƙi, da farin tabo a goshi. Tun ranar take kiwonsa don ashirin da takwas ga Disamba, ranar da ake kai shanun alkawari coci.

Ta tarar da Nicanor a bayan gida, ya matse zakaransa a cinya yana fesa masa ruwa da baki.

"Nicanor, me ka yi jiya a dandali?"

"Zakarana ya ci. Ba ki ga naman da na kawo ba?"

"Ba zakara nake tambaya ba."

Ya goge baki. "Matar nan bakinta kamar rediyo. Tsohuwa, zauna ki ji. Babur ne sabo fil, ko wata uku bai yi ba. Shuɗi ya riga ya ci, jefa ƙuri'ar kawai ya rage. Yuleisi da kanta ta faɗa, a shagon gyaran gashin da take aiki tun da ta ƙarasa Nueva York babu mace ɗaya da ke son Ja."

"Shagon gyaran gashi ne Amurka?"

"Ke kin san siyasa ne? Laraba ta sama ina kan babur, maraƙinki na turke. Wa ya yi asara? Ni ma zan goya ki har Bayaguana, ki huta da motar kasuwa."

"In kuma bai ci ba?"

"Kar ki yi mini baki, Fide."

"Saniyar nan tawa ce. Uwata ta bar mini."

"A gidan wa take kwana?"

"Je ka ce ka fasa."

Nan ya saki zakaran ya miƙe. "In fasa? Ni Nicanor? Ki ce in sa siket in zagaya kasuwa, ya fi sauƙi. Na ba da magana!"

"Ni ma magana na bayar."

"Taki a ɗaki kika yi ta, a durƙushe, babu wanda ya ji. Tawa gaban maza arba'in."

"Wanda na yi wa ya ji."

"Shi mai haƙuri ne, Fide. Radames ba shi da haƙuri."

Ya bi zakaransa yana kiransa da leɓe, maganar ta ƙare ke nan a wurinsa.

Ta tsallaka shinge zuwa wurin surukarta. Doña Casilda na zaune a kujerarta mai lilo, carbi a hannu, ba ta taɓa fashin coci ba ko ana ruwa. Fidelina ta sa rai ita kam za ta gane. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe ba ta daina jan carbi ba.

"'Yata, ba ki ga komai ba. Mahaifinsa kwanon rufin gidanmu ya taɓa sawa. Aka zo aka kwance mana shi ina dafa wake. Damina guda muka yi ƙarƙashin ganye. Amma har ya koma ga Allah babu wanda ya kira shi maƙaryaci."

"Doña Casilda, ba kwano ba ne wannan. Kun san yadda abin yake. Wanda bai cika alkawari ba, ana karɓa ta wata hanya. Kuma don Yuleisi na yi."

"Rufe bakinki! Kar ki kira wa jikata masifa." Ta yi alamar gicciye. "Ke ma da laifinki. Kin bi kin ƙosar da dabba kamar ta gasa, tana sheƙi, kowa na magana. Namiji ya ga abu mai kyau a gidansa, ba zai yi alfahari ba? Ki je ki yi addu'a mutuminsa ya ci, shi ke nan."

Ranar Alhamis Fidelina ta ɗaura ɗankwali ta taka da ƙafa zuwa gidan Don Epifanio, tafiyar awa biyu ta cikin gonakin rake. Shi ne babban masu zagaya ƙauyuka suna karɓar shanun Almasihu. Shekara arba'in yana wannan aiki ba albashi. Ya ba ta kujera, matarsa ta kawo kofi.

"Don Epifanio, ku zo ku tafi da maraƙin yau ko gobe. Na roƙe ku."

"Ba mu fara zagaye ba, Fidelina. Sai tsakiyar wata."

"Ku fara da ni."

Ya juya hularsa a gwiwa. "Ba ma ɗaukar dabbar da ke da magana a kanta. Ba a kai wa Ubangiji rigima."

"Ashe kun ji."

"Ina wurin." Bai kalle ta ba. "Ni ma ina ɗan leƙawa ranar Lahadi. Da ya ɗaga yatsa sai da na ce, Nicanor, ba maraƙin alkawari ba ne wannan? Ya ce ai ba zai faɗi ba."

"Sai kuka yi shiru?"

"Me zan yi? An riga an tafa. In na ɗauke shi yanzu, za a ce Epifanio ya ɓoye kayan caca a bayan gicciye. Wa zai ƙara ba ni igiyar dabbarsa? Ki yi haƙuri zuwa Talata. Allah yana iya komai."

Kafin ta iso gida labarin ya riga ta. Ta tarar Nicanor ya cire igiyar Lucero ya sa masa sarƙa, ya ɗaure a jikin bishiyar mangwaro da kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa tare da gicciyensa.

"Ba don na ƙi ki ba, tsohuwa," in ji shi. "Kanki ne ya yi zafi. Kar ki je ki yi abin da zai sa in kasa fita ƙofar gida."

Sarƙar gajera ce, maraƙin ba ya kaiwa ga ciyawa. Don haka ita ce ke fita da adda kullum da sassafe ta yanko, ta ɗauko a ka, ta ɗebo ruwa bokiti uku. Ƙarfen ya fara cin wuyansa, ta naɗe wurin da tsumma. In ta zo sai ya tura hancinsa cikin aljihun rigarta yana neman ɓawon ayaba, kamar yadda ya saba. Da rana kuma maza su biyo, su tsaya a shinge. Wasu har su shigo su daddana masa cinya.

"Wannan zai yi nama, Nicanor!"

"Ku kalla da kyau, don kallo kawai za ku yi!"

Sai a kwashe da dariya, a ce Fidelina ta kawo kofi. Ta kawo.

Abin da ya fi cin ranta shi ne addu'a. Ta durƙusa a inda ta yi alkawarin, ta buɗe baki, sai ta ji tana roƙon wani Ba'amurke da ko sunansa ba ta iya faɗa daidai ya ci zaɓe, don mijinta ya ci caca. Sai ta yi shiru don kunya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Da me za ta roƙa? Ka ba mijina babur don in ba ka abinka? Kwana huɗu tana durƙusawa tana tashi ba ta kai ƙarshen addu'a ɗaya ba.

Ranar Talata maza suka tare a kanti gaban talabijin. Ita ba ta je ba. Laraba gari na wayewa tana tatsar saniya ta ji an ƙure kiɗa daga kantin Radames, ana harba tartsatsin wuta, babura na ta hon. Ba ta tambayi kowa ba. Ta gama tatsa, ta tace madarar, ta ɗora ruwan kofi. Nicanor na zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Maguɗi ne," in ji shi. "Ko makaho ya san maguɗi ne."

Ta ci gaba da hura wuta.

"Ke ce kika yi mini baki. Tun ranar farko kike cewa in bai ci ba, in bai ci ba. To ga shi."

Wajen ƙarfe goma Yuleisi ta kira. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar a banɗaki take.

"Mami, a sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Lafiya?"

"Yau shagon kamar an yi mutuwa. Uwar ɗakina ta ce daga Janairu ba ta san yadda za ta yi da mu marasa takarda ba. Kowa da abin da yake faɗa. Wata ta ce za a riƙa bi gida-gida." Ta ja hanci. "Mami, Lucero na nan? Ya girma?"

"Ya girma."

"Ki turo mini hotonsa. In na tuna za ki kai shi sai in ji hankalina ya kwanta. Wanda ya fitar da ni daga teku ba zai bar ni a nan ba, ko?"

"Ba zai bar ki ba."

Ta ɗauki hoton daga kai zuwa sama kaɗan, yadda sarƙar ba za ta fito ba.

Ranar Asabar Radames ya zo da motarsa ta ɗaukar kaya da maza shida a baya. Ya sa farar riga, ya cire hula a ƙofa, ya gaishe ta da ladabi. Fidelina ta tare shi kafin ya isa mangwaron.

"Compadre, ku ne kuka riƙe Yuleisi aka zuba mata ruwa a ka. Don ita na yi alkawarin nan."

"Na sani, comadre. Allah ya gani, raina bai so ba."

"To ku bar shi."

"Kin san abin da kike cewa? In na ce na yafe, na ce compadren nawa almajiri ne, ba zai iya biya ba. Gara in mare shi a kasuwa. Ina girmama gidan nan, shi ya sa na zo da kaina."

"Ku ɗauki uwar. Ta fi shi tsada, tana ba da madara, ga shi kuma ta sake ɗaukar ciki. Ku bar mini shi kawai."

Radames ya dubi saniyar. Sai Nicanor ya taso. "Madarar da muke sha fa? Kin haukace?"

"Kin ji ko, comadre," in ji Radames yana buɗe hannuwa. "Ba da ke na ƙulla ba. Da da ni ne kawai..."

Nicanor ya ciro makulli daga wuya. Da hannunsa ya buɗe kwaɗon, da hannunsa ya ɗaura igiya, ya miƙa wa Radames a gaban kowa, ƙirji a gaba. Mazan suka yi sowa.

"Namiji ke nan!"

"Ya faɗi amma a tsaye ya faɗi!"

Wani ya miƙa masa kwalba. Lucero ya turje a bakin motar, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Nicanor ma ya haye baya aka tafi da shi, wai za a yi masa liyafa.

Kwana uku saniyar tana kuka tana duban hanya. Fidelina ta ci gaba da fita da adda da sassafe, sai ta kai rabin hanya ta tuna babu wanda za ta yanko wa. Abinci ya daina shiga. Ta dafa shinkafa da wake, ta zuba wa Nicanor, ta zauna tana kallon tukunya. In waya ta yi ƙara gabanta ya faɗi. In ba ta yi ƙara ba ya fi faɗuwa. Wata rana Yuleisi ba ta ɗauka ba tun safe har la'asar. Fidelina ta kira sau goma sha tara, ta zagaya mangwaron nan har ƙafafunta suka kumbura. Ashe caji ne ya ƙare. Wata rana yarinyar ta ce ta zame a ƙanƙara ta bugu a kwankwaso. Fidelina ta ce a ranta, an fara.

Ta je wurin fada, limamin cocinsu. Ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne, niyya yake dubawa, ta kwantar da hankalinta. Ta ce to. Amma fada bai taɓa tsayawa kwana biyar yana jiran teku ta dawo masa da 'ya ba, kuma ba shi ne ya buɗe baki ya ce naka ne ba.

A gida kuwa laifin ya gama juyowa kanta. Doña Casilda ta ce fuskar nan tata ce ke korar arziki. Mata a famfo suka ce ta cika taurin kai, wace mace ce ba a taɓa ɗaukar mata abu ba? Wata an ɗauke mata tukunyar gas, wata keken ɗinki, ga su nan da ransu.

"Kin mayar mini da gida gidan makoki," in ji Nicanor. "Dabba ce fa. Baɗi ma akwai Disamba."

Shi kam tun ranar nan darajarsa ta ƙaru. A dandali an ba shi kujerar gaba. In an yi gardama shi ake kira ya raba.

Ana saura kwana biyu bikin kai shanun alkawari Ercilia ta leƙo ta shinge, fuska cike da fara'a.

"Comadre, jibi da motarmu za a tafi. Kar ki ce a'a. Akwai abin da za ki gani, za ki gode mini."

Ba ta so zuwa ba. Da wane ido za ta shiga Bayaguana hannu biyu? Amma ƙin zuwa ya fi ba ta tsoro. Ta sa baƙar rigarta ta coci, ta hau bayan mota tare da surukarta da Nicanor.

Garin ya cika maƙil. Masu waƙar shanu na rerawa, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, masu soye-soye sun jera, rana na duka. Aka fara shigowa da shanun alkawari. Fidelina ta gan shi tun daga nesa, da farin tabon nan a goshi. An wanke shi, an shafa masa mai, an ɗaura masa furanni a wuya. A bayansa an yafa wani babban ƙyalle mai hoton Radames yana murmushi, da sunansa da manyan baƙaƙe. Ashe kujerar kansila yake nema. Shi ke riƙe da igiya, yana ɗaga wa jama'a hannu. Mai lasifika ya ce, ga bijimi daga Don Radames na Mata Larga, mutumin da bai manta da Ubangijinsa ba. Aka yi tafi.

Ercilia ta rungume ta. "Kin gani? Ni na ba shi shawara!"

"Allah mai iko!" in ji Doña Casilda, hawaye na zuba. "Ga shi ya iso inda aka nufa da shi. Ashe duk kukanki na banza ne."

Nicanor ya dafa kafaɗarta yana dariya. "Ban ce miki ba, tsohuwa? Na cika tawa, an cika taki, compadre ya samu ƙuri'a. Wa ya yi asara?"

Ta zame kafaɗarta ta kutsa cikin mutane har bakin garken, inda Don Epifanio ke karɓar igiyoyi. Lucero ya shaƙo ta, ya miƙo hanci ta tsakanin katako yana neman aljihu. Baƙar rigar ba ta da aljihu.

"Don Epifanio, ku faɗa mini gaskiya, don ku ne kuka san abin nan. Na wa ne?"

"Ya iso, Fidelina. Ki gode wa Allah."

"Ba wannan na tambaya ba. Alkawarin wa aka cika?"

Tsohon ya share zufa da bayan hannu. "Tun da nake, na wanda ya miƙo igiya ne. Haka na tarar, ba zan yi miki ƙarya a ƙofar coci ba." Ya sassauta murya. "Ki sabunta alkawarin. An ce saniyarki na da ciki. Ki ce na baɗi."

Ta juya. Can gindin wata bishiya Nicanor ya samu mutanensa, an ɓalle gardamar wasan ƙwallon sanda, wace ƙungiya za ta ɗauki kofi a Janairu. Muryarsa ta fi ta kowa.

Na baɗi. Ta tsaya tana bin gidanta ɗaki-ɗaki a ranta. Saniya, da abin da ke cikinta. Kaji bakwai. Gadon da ta haifi Yuleisi a kai. Tukwane, 'yan kunnen aurenta, har kwanon rufi. Shekara ashirin da shida tana sharewa tana gogewa tana ciyarwa, kuma babu ɗaya a ciki da za ta iya cewa Ubangiji naka ne ta tabbata zai kai Disamba. Duk abin da za a iya ɗaurewa da igiya ko a ɗora a mota, yatsa ɗaya ya isa ya raba ta da shi, kuma gari ya tafa wa mai yatsan. Haka ake yi a garinmu. Namiji ya ci amanar ɗakinsa don ya cika ta dandali, a ce masa mai gaskiya. Uwarsa ta sa albarka, dattawa su kau da kai, a ce wa matar ta gyara fuska.

Fidelina ta cire takalmanta ta ajiye a gefen garke. Ta tattare baƙar rigar zuwa sama da gwiwa, ta durƙusa a kan tsakuwa. Daga nan zuwa ƙofar coci akwai tafiya, ga kashin shanu, ga murafun kwalba, ga ƙasa ta ɗauki zafi.

"Ban zo da shi ba," ta ce a hankali. "Ka ga yadda aka yi. Waɗannan gwiwoyin kaɗai gare ni. Ka karɓa, ka bar mini yarinyar."

Ta fara ja. Gwiwar dama, gwiwar hagu. Kafin ta yi taku talatin fata ta saɓule. Mutane suka dare mata hanya, tsofaffin mata na cewa Allah ya karɓa, 'yar'uwa. Ba ta ɗaga kai ba. Inda ta wuce tsakuwa na yin ja.

Nicanor ya hango, ya taho da sauri ya sunkuyo.

"Fide! Tashi mana, mutane na kallo. Me ya rage kuma?"

Ta wuce shi. Ya tsaya da kwalba a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai wani dattijo da ke gefe, baƙo daga wani ƙauye, ya taɓa shi.

"Taka ce?"

"Tawa ce."

"Kai, ka yi dace. Irin waɗannan sun yi ƙaranci yanzu."

Nicanor ya dubi mutumin, ya dubi bayan matarsa tana ja tana nisa. Ya gyara zaman hularsa.

"Ai mu a gidanmu," in ji shi, "ba a wasa da alkawari."